Daga Ughelli zuwa Lekki: Yadda Gwamnati Ta Tafiyar da Zanga-zangar EndSARS

Ranar Lahadi, 11 ga Oktoban 2020, Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya, Mohammed Adamu, ya sanar da rusa rundunar SARS, sashen 'yan sanda na musamman mai yaƙi da fashi da makami, a jihohi 36 da Abuja. Kwana uku ke nan da matasa suka fara kwana a titi a Legas. Da wuya a nuna wata buƙata ta masu zanga-zanga da gwamnatin Najeriya ta taɓa amsawa da irin wannan sauri, amma duk da haka ba wanda ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Washegari ma taron ƙaruwa ya yi, kuma kwana tara bayan sanarwar sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki, wurin karɓar kuɗin hanya a Legas. To me ya sa gwamnati ta ce "na yarda" amma ba a yarda da ita ba?

Alkawuran da suka gabata

An kafa SARS a Legas a 1992 domin yaƙi da fashi da makami. Dabarar ita ce jami'anta su riƙa yawo cikin farin kaya, a mota marar tambari, su auka wa 'yan fashi ba zato. Wannan ɓad da kamar ita ce daga baya ta zama bala'i. Wasu mutane riƙe da bindiga, ba kaki ba lamba, za su tare saurayi don an gan shi da waya mai tsada, ko kwamfuta a jaka, ko tarin gashi, ko zane a jiki. Su ce ɗan Yahoo ne, wato ɗan damfara ta intanet. Su ƙwace wayar, su tilasta masa buɗe ta, su duba saƙon banki su ga abin da ke cikin asusunsa, sannan su tura ƙeyarsa zuwa na'urar cirar kuɗi. Wanda ya biya ya tsira. Wanda ya yi gardama yana iya kwana a wurare irin su ofishin SARS na Awkuzu a Anambra, ko wanda ke tsohuwar mayankar dabbobi a Abuja, wuraren da sunansu kawai ke sa gaban iyaye faɗuwa. A watan Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto mai ɗauke da shari'o'i 82 na azabtarwa da kisa ba bisa ƙa'ida ba da ta ce jami'an rundunar sun aikata tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020.

Gwamnati ba ta rasa sani ba. A Disambar 2017, lokacin da kiran EndSARS ya fara zafi a Twitter, Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin yi wa rundunar garambawul. A Agustan 2018 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sake ba da umarnin gyara. A Janairun 2019 sabon Sufeto Janar Adamu ya mayar da ita ƙarƙashin kwamishinonin jihohi. Ranar 4 ga Oktoban 2020 kuma aka haramta mata sintiri da tare hanya. Bayan sanarwa uku na farko, mutanen nan sun ci gaba da fitowa titi da bindigoginsu kamar ba a yi ba, don haka ba wanda ya ɗauki ta huɗu da muhimmanci.

Abu mafi nauyi a wannan tarihi shi ne kwamitin da aka kafa bayan umarnin Osinbajo, ƙarƙashin Tony Ojukwu na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kwamitin ya zagaya, ya saurari koke, ya miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari rahoto a Yunin 2019 da shawarar a kori jami'ai 37, a gurfanar da 24 a kotu. Buhari ya ba da wata uku a tsara yadda za a aiwatar. Wata goma sha shida suka wuce, matasa suka fito titi, jama'a ba su ga an gurfanar da mutanen ba. Dokoki ma akwai su: dokar hana azabtarwa ta 2017, da sabuwar dokar 'yan sanda da Buhari ya sa wa hannu a Satumban 2020, wadda ta hana a kama wani a madadin wani, ta kuma hana a ɗauki aski ko sutura a matsayin dalilin zargin mutum. Tawadar sa hannun ba ta gama bushewa ba aka shiga rikicin.

Kwana goma sha biyu

Ranar 3 ga Oktoba wani bidiyo ya bazu daga Ughelli a jihar Delta, ana cewa 'yan SARS sun harbe wani saurayi sun gudu da motarsa. 'Yan sanda suka ce ba jami'an SARS ba ne, kuma saurayin bai mutu ba. Ko da gaskiya suka faɗa, lokacin ba sauran mai saurarensu. Ranar 8 ga wata aka fara zaman dirshan a ƙofar majalisar dokokin Legas da ke Alausa, daga nan abin ya bazu zuwa Abuja, Ibadan, Benin, Fatakwal, Enugu da sauransu. Ranar 10 aka harbe wani saurayi mai suna Jimoh Isiaq a Ogbomosho. A ranar da aka sanar da rusa SARS ɗin kanta, 'yan sanda na fesa wa masu zanga-zanga ruwan zafi da barkonon tsohuwa a Abuja. Mutum yana karanta sanarwar a wayarsa, idonsa na zubar da hawayen hayaƙi.

Matasan suka fitar da buƙatu biyar: a saki duk wanda aka kama a zanga-zangar, a yi wa waɗanda 'yan sanda suka kashe adalci a biya iyalansu diyya, a kafa hukuma mai zaman kanta cikin kwana goma da za ta binciki laifukan 'yan sanda ta gurfanar da su, a duba lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin jami'an SARS a sake horar da su kafin a tura su wani wuri, a ƙara wa 'yan sanda albashi. Na biyar ɗin ya cancanci a lura da shi, domin wanda yake neman rusa ƙasa ba ya roƙa wa ɗan sanda ƙarin albashi.

Ranar 13 ga wata fadar shugaban ƙasa ta ce an amince da duka biyar. A ranar kuma Sufeto Janar ya sanar da sabuwar runduna mai suna SWAT da za ta maye gurbin SARS. A ganina nan ne gwamnati ta yi asarar damar da take da ita. Sanarwar rusawa ta riga ta ce za a rarraba jami'an SARS zuwa wasu sassa, wato wanda ya azabtar da ɗanka jiya yana nan da bindigarsa, ofis kawai ya sauya. Ba a cika kwana biyu ba sai ga sabon suna. An yi alkawarin ba tsohon ɗan SARS da zai shiga SWAT, amma da wane tarihi za a gaskata alkawarin? An ce in za ka sayi akuya ka ga akuya, ba igiya ba. Abin da zai iya sanyaya titi a makon yana cikin aljihun gwamnati tun 2019: sunaye 24 da kwamitinta ya ce a kai kotu. Da an ga ko goma daga cikinsu a gaban alƙali a talabijin, da masu cewa a koma gida sun sami abin nunawa.

Su ma masu zanga-zangar suna da nasu rauni. Sun ƙi naɗa shugabanni, saboda sun ga yadda ake kiran shugabannin ƙwadago da na ɗalibai ɗaki a rufe ƙofa, a fito an janye yajin aiki. Dabarar ta hana a saye su, kuma tsarin da suka yi ya ba mutane mamaki: abinci, motocin asibiti, lauyoyi masu zagaya caji ofis suna belin waɗanda aka kama, da ƙungiyar mata ta Feminist Coalition da ke wallafa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, wanda jimillarsa ta haura naira miliyan 147. Amma taron da ba shi da mai cewa a tashi, ba shi da mai cewa a tsaya. Da aka shiga mako na biyu ana toshe manyan hanyoyi, direba da ɗan kasuwa da mai ciwo a mota suka fara ƙosawa.

Daga 14 ga wata 'yan daba ɗauke da adduna da gora suka fara far wa masu zanga-zanga a Abuja, washegari a Alausa. Bidiyoyi sun yaɗu da ke nuna ana sauke irin waɗannan mutane daga motoci, hukumomin tsaro suka ce ba ruwansu. Abin da ba a iya musantawa shi ne 'yan sandan da ke da ƙarfin tarwatsa masu riƙe da kwalaye ba su nuna wannan ƙarfin a kan masu riƙe da adda ba. Hukumar Abuja ta haramta zanga-zanga da hujjar korona. Ranar 19 aka fasa gidajen yari biyu a Benin, fursunoni kusan dubu biyu suka tsere.

Inda Arewa ta tsaya

Ranar 15 ga Oktoba shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa, Simon Lalong na Filato, ya fito daga ganawa da Buhari ya ce su ba sa goyon bayan rusa SARS, domin tana da amfani wajen yaƙi da matsalar tsaro a yankinsu. Maganar ba ta rasa tushe ba. Mutumin Batsari ko Zurmi da 'yan bindiga suka hana noma ba yawan jami'an tsaro ne ya dame shi ba, rashinsu ne. Shi ya sa gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta CNG ta kira tata zanga-zangar a kan rashin tsaro, wadda ita ma 'yan daba suka tarwatsa a Kano.

Sai dai an yi saurin juya lamarin ya koma na ɓangaranci. Aka riƙa yaɗa cewa makirci ne na 'yan Kudu don kifar da gwamnatin ɗan Arewa, wasu suka ce shiri ne na yaɗa baɗala. Taron gwamnoni da sarakunan Arewa da aka yi a Kaduna a farkon Nuwamba ya yi tir da zanga-zangar, ya kuma nemi a sa wa kafafen sada zumunta linzami. Hare-haren da aka kai wa 'yan kasuwa da direbobin Arewa a wasu garuruwan Kudu bayan rikicin ya ɓarke sun ƙara wa wannan fahimta ƙarfi, kuma ciwo ne na gaske da bai kamata a share ba. Amma duk wanda ya taɓa zuwa belin ɗan'uwansa a caji ofis a Kano ko Gusau, ya tsaya ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne yana ƙirga kuɗi, ya san cutar ba ta da yanki. Kuma yankin da aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a 2009, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, ya fi kowa sanin abin da kisa ba shari'a ke haifarwa.

Daren Talata

Da safiyar 20 ga Oktoba aka ƙona caji ofis na Orile a Legas. Wajen tsakar rana Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa dokar hana fita ta awa 24, za ta fara da ƙarfe huɗu na yamma. A birnin da ma'aikaci kan shafe awa uku a cunkoso kafin ya isa gida, wa'adin awa huɗu ba mai yiwuwa ba ne. Daga baya aka ɗaga zuwa ƙarfe tara na dare, amma sanarwar ta makara. Matasan da ke mashigar Lekki suka zauna a ƙasa riƙe da tutar Najeriya suna rera taken ƙasa, da imanin soja ba zai harbi mai riƙe da tuta ba. Da rana an ga ma'aikata na cire wasu kyamarori a wurin. Da duhu ya fara, fitilu a kashe suke. Gab da ƙarfe bakwai, tun kafin sabon wa'adin ya cika, sojoji daga barikin Bonny suka iso suka fara harbi. Wata mai kiɗa, DJ Switch, ta nuna abin kai tsaye a Instagram, dubban mutane na kallon yadda ake ƙoƙarin ciro harsashi daga ƙafar wani da hasken waya.

Abin da hukumomi suka yi a kwanakin da suka biyo baya ya fi komai lalata amana. Rundunar soja ta fara da buga tambarin labarin ƙarya a kan rahotannin da ke cewa sojoji na wurin. Gwamna ya ce wasu ƙarfafa da ba ya iko da su ne suka yi, ya kuma ce ba a rasa rai ba. Bayan mako guda sojoji suka amsa cewa sun je, kuma gwamnatin jiha ce ta gayyace su. A gaban kwamitin bincike, Birgediya Janar Ahmed Taiwo ya ce harsashi mai ƙara kawai, marar kisa, aka harba sama, daga baya ya amsa cewa sojojin na ɗauke da harsashi mai rai ma. Amnesty ta ce aƙalla mutum 12 aka kashe a Lekki da Alausa a daren. Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya ce kisan kiyashi ne da ba gawa, ya yi barazanar hukunta CNN saboda binciken da ta yi. A tsakiyar wannan duka Ministan Ayyuka Babatunde Fashola ya ziyarci wurin bayan kwanaki, bayan an share an wanke, ya tsinci wata kyamara a ajiye, abin da ya zama abin dariya a ƙasar da ba ta cikin yanayin dariya.

Washegarin harbin Legas ta kama da wuta. An ƙona motocin bas na BRT, da gidan talabijin na TVC, da babbar kotun Igbosere, aka wawashe fadar Oba, sarkin Legas. 'Yan sanda suka janye daga tituna. Daga nan aka shiga fasa rumbunan kayan tallafin korona a Legas, Jos, Kaduna, Calabar, Ilorin, Yola da Jalingo, mutane na fitowa da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da aka tara tun watannin kulle. Ranar Alhamis 22 ga wata Buhari ya yi wa ƙasa jawabi. Ya ce an ɗauki saurin da gwamnati ta yi wajen amsa buƙatu a matsayin rauni, ya yi ta'aziyyar jami'an tsaro, bai ambaci Lekki ba ko sau ɗaya. Kashegari fadarsa ta ce mutum 69 suka mutu a faɗin ƙasa: fararen hula 51, 'yan sanda 11, sojoji 7. Daga baya Sufeto Janar ya ce 'yan sanda 22 aka kashe. Waɗannan ma 'ya'yan wasu ne, yawancinsu ƙananan ma'aikata masu kwana a barikin da rufinsa ke yoyo.

Hannu biyu

Bayan ƙura ta lafa gwamnati ta yi aiki da hannu biyu, kuma saurinsu ba ɗaya ba ne. Hannun da ke bin masu zanga-zanga bai yi nawa ba. Cikin mako guda Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan uku-uku. A farkon Nuwamba Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin kotu na rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar bisa zargin ɗaukar nauyin ta'addanci, ba a buɗe su ba sai Fabrairun 2021, ba tare da an tabbatar da laifi a kan kowa ba. An ƙwace fasfon wata lauya a filin jirgin sama. A Oktoban 2023 Amnesty ta ce har lokacin akwai aƙalla mutum 15 da aka kama a 2020 suna tsare a gidajen yarin Legas.

Ɗaya hannun shi ne na kwamitoci. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta umarci jihohi su kafa kwamitocin bincike na shari'a. Jihohi 29 suka kafa, Abuja ta sami nata ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Suleiman Galadima. Bakwai ba su kafa ba, kuma duk na Arewa ne: Borno, Jigawa, Kano, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Wanda ɗan sanda ya zalunta a waɗannan jihohi bai sami ko teburin da zai ajiye takardar kokensa a gida ba.

Kwamitocin sun yi amfani ta fuska ɗaya: iyaye mata sun tsaya a bainar jama'a da hotunan 'ya'yansu, sun kira sunan jami'i da ofis da rana. Na Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya raba diyyar naira miliyan 410 ga mutum 70. Rahotonsa na Nuwamban 2021 ya lissafa mutum 48 da abin ya rutsa da su a Lekki, ya ce sojoji da 'yan sanda sun harbi mutanen da ba su da makami, an hana motocin asibiti shiga, kuma abin da ya faru ana iya kiransa kisan kiyashi. Gwamnatin Legas, wadda ita ta kafa kwamitin, ta fitar da takardar matsayarta bayan mako biyu: cikin shawarwari 32 ta karɓi 11, ta gyara 6, ta ƙi ɗaya, ta tura 14 ga gwamnatin tarayya. Ta ƙi amincewa da cewa mutum tara sun mutu a wurin. Lai Mohammed ya kira rahoton tatsuniya.

Waɗannan 14 ɗin su ne zuciyar matsalar. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce, ta tarayya. Soja ma haka. Korar ɗan sanda aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, ba na gwamna ba. Gwamnatin tarayya ta ɗora binciken a kan jihohi, alhali ikon ladabtar da waɗanda ake bincika yana Abuja. Jami'ai da dama sun ƙi amsa sammaci, sojoji suka daina zuwa zaman Legas, a ƙarshen 2020 ma sashen shari'a na 'yan sanda ya shigar da ƙara yana neman a dakatar da kwamitocin gaba ɗaya, kafin a janye ta da aka yi ca. Jihohin su ma ba su kuɓuta ba, domin kisan kai laifi ne da babban lauyan jiha ke da ikon gurfanarwa a kai, kuma kaɗan ne suka gwada. Diyya ta fi sauƙi: daga baitulmali take fita, ba daga aljihu ko 'yancin wanda ya ɗana kunamar ba.

A cikin buƙatu biyar, ƙarin albashi ya samu, domin a Disambar 2021 majalisar zartarwa ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Hukuma mai zaman kanta mai ikon gurfanarwa ba ta samu ba. A Yulin 2023 wata takarda ta fallasa cewa gwamnatin Legas ta amince da kuɗin binne gawa 103 na rikicin 2020 a kabari ɗaya, gwamnatin ta ce daga wasu unguwanni aka kwaso su, ba daga Lekki ba. A Yulin 2024 kotun ECOWAS ta yanke cewa Najeriya ta take haƙƙin mutum uku da suka kai ƙara kan daren Lekki, ciki har da DJ Switch, ta ce a biya kowannensu diyya, a kuma binciki masu hannu a gurfanar da su.

Makonni uku bayan wannan hukunci aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wannan karon zafinta a Arewa. Amnesty ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohin da suka haɗa da Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Neja da Borno. Rundunar ta musanta, ta nemi ƙungiyar ta janye rahoton ta ba da haƙuri. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da gomman waɗanda aka kama, yawancinsu daga Kano da Kaduna, a babbar kotun tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. Da yawa yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, alƙali ya sa belin naira miliyan goma a kan kowane ɗaya. Sai da bidiyon ya zagaya duniya Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su.